Dutsen Libasse

Ngor, 6 ga Oktoba

Codou,

Bayan gaisuwa, ki dawo gida. Damina ta ɗauke, tsuntsayen teku sun fara saukowa daga arewa, masunta kullum na ƙarƙashin dutse suna jira in nuna musu inda kifi yake. Ke kuwa kin tare gidan 'yarki wata huɗu kina fushin banza. Ba roƙonki nake ba. Yayanki ne ni, kuma babu mai kawo mini shayi.

Libasse Samb

Thiès, 11 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa da ladabi, gwargwadon abin da ya rage. Shayi? Kai Yaya, ka ji tsoron Allah! Labari ya riga takardarka isowa. Ranar Talata ka ɗaga ƙyalle ka tura jirage bakwai bayan tsuntsayen da ke wucewa kudu. Ko jikata ta san masu wucewa ƙasa-ƙasa suke bi a jere, masu cin kifi kuwa kewayawa suke suna faɗawa ruwa. Mutane suka ƙone mai, suka dawo da taru wayam.

Shekara huɗu ina zaune gefenka ina fere kifi, ina raɗa maka, "Hagu da tsibiri, Yaya." Kai da ɗaga ƙyalle, kai da shan yabo. Ranar da na gyara maka magana a gaban Daour shugaban masunta, cewa ka yi, "Mace me ta sani a teku? Kai ni gida, tsohuwa!" Aka yi ta dariya. Har yau abin yana cina.

Ƙanwarka, Codou

Ngor, 15 ga Oktoba

Codou,

Na ga rashin kunyarki. Hazo ne ranar Talatar nan, kowa ya gani. Shekara talatin ina kan dutsen da Baba ya zauna, ba mai suyar ƙosai ce za ta koya mini tsuntsu ba. Amma dattawa za su zauna ranar Juma'a, kuma Daour yana neman a ba surukinsa dutsen, wani mai madubin hangen nesa da bai san warin taru ba. In wurin Baba ya bar gidanmu, ke kika jawo.

Libasse

Thiès, 17 ga Oktoba

Yaya,

Hazon a idonka yake. Takarda kana gani, nesa ce ta gagare ka, kuma ka sani. Ni ma ba na son dutsen ya bar gida, amma ba zan sake zama idon da ake ɓoyewa ba. Ka miƙe gaban dattawan da suka yi mini dariya, ka faɗa musu wanda yake gani. In ba haka ba, surukin Daour ya zauna lafiya.

Codou

Ngor, Juma'a

Codou ƙanwata,

Na faɗa. Ko mutum ɗaya bai yi mamaki ba. Daour cewa ya yi, "Haba Libasse, ai tun tuni leɓenta muke kallo, ba ƙyallenka ba. Kunyarka muka ji." Da ma sun yi dariya, da ya fi mini sauƙi.

Sun ba ki dutsen. Ki zo da wuri. Tun safe nake nan zaune, ina jin kukan tsuntsaye a saman kaina, ko ɗaya ban gani ba.

Yayanki, Libasse