Ƙurajen da Kika Ɓoye a Bayan Kunnena

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fata kina hutawa a wurin Ubangiji. Ni dai ban huta ba, kuma yau sai kin ji.

Kin tuna daminar da soja suka miƙa wa farar hula mulki? Ina 'yar shekara bakwai, muna gidanmu na Barnawa. Ƙurajen nan masu ruwa, masu yin ɓawo kalar zuma, suka feso mini a bayan kunne. Kika shafa mini shuɗin magani, kika ja ɗankwali kika rufe, kika ce ko a tsakar gida kada in cire. Ina za a ji 'yar shugabar zumuntar matan coci da ƙuraje!

Amma ba ki hana ni wasa da Ngufan ba, 'yar masu haya a boskwatanmu, ɗakunan nan na bayan gida, don kada a tambayi dalili. Da tawul ɗaya muke goge jiki. Kwana huɗu nata suka fito a gefen baki, inda babu abin rufewa. Daga ita sai yaran makarantar Lahadi.

Haba Mama! Kika miƙe a gaban mata kika ce ƙazantar baƙi ce, daga Binuwai suka kwaso mana. Ina tsaye kusa da ke, kunnena na ƙaiƙayi, kin matse mini hannu. Ke da kullum kike ce mana ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin wata ya ƙare kin sa Baba ya ba su notis. Ranar da suka kwashe zuwa Kakau, Ngufan ta ɗago mini hannu daga bayan mota, ni ban ɗaga ba don kina kallona. Ban sake yin ƙawa kamarta ba. Duk a kan ciwon da sabulu da maganin asibiti suka warkar cikin mako guda.

Jiya na yi kiciɓis da Maman Ngufan a kasuwar Sabon Tasha, tana sayar da doya. Da ta ji kin rasu har da hawayenta. Raina ya ɓaci, na zazzage mata gaskiya kaf. Ta ce ai ta sani. Ita ta yi mini kitso a makon, ta gani da idonta. Ta yi shiru ne don kada yara su guje ni a coci yadda suka guji 'yarta.

Allah ya sani ina kewarki, Mama. Har yau idan aka tayar da waƙar da kike ja, sai na sunkuyar da kai. Na san tsoron bakin mutane ne ya sa ki. Amma ban huce ba.

Ubangiji ya gafarta miki, ni kuma ya ba ni ikon yin haka. Ran Asabar zan je Kakau wurin Ngufan, mamanta ta ce har yanzu tana can. Hannun da ban ɗaga ba shi zan roƙi gafara a kai. Naki laifin, ba ni zan ɗauka ba.

'Yarki,
Saratu