Bindigar da Ka Bar Mini Ajiya

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya yaye maka ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin tari, har ta koma yi mana faɗa a kan takalman da muke zubarwa a bakin ƙofa, ka san alamar lafiyarta ke nan. Aikin walda kuma da godiya, in an kawo wuta.

Kawu, saƙonka ne ya hana ni sukuni. Ɗanka Dogo ya same ni a shago, ya ce ka ce in buɗe akwatin da ka bar mini in ba shi bindigarka. Wai maƙwabcinsa bakanike yana zubar da baƙin mai a kwatar da ta bi ta ƙofar gidansa, sun yi cacar baki, shi ne yake so ya zauna a waje da ita a cinya, tsoratarwa kawai. Ka gafarce ni, ban ba shi ba. Yana magana jijiyar wuyansa na tashi. Mutumin da ya fasa gilashin tagarsa saboda an taɓa masa rediyo, shi za a danƙa wa harsashi a kan ruwan kwata?

Ba ka nan aka harbe ɗan tela na bakin layinmu. Wanda ya harbe shin ma tsoratarwa ya ce ya je yi. Ni aka kira na toshe ramin da harsashin ya yi a ƙofar shagon, rami ɗan mitsitsi, ɗan yatsana ma da ƙyar ya shiga. Ina aiki, tela na zaune a kan kekensa, ƙafa a kan feda, ba ya takawa. Masu zuwa ta'aziyya sai cewa suke tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wallahi raina ya ɓaci. Tsautsayin ne ya saya, ya ɗura, ya ɗana? A shagon aski kullum musu ake, wasu su ce kowa ya mallaki tasa, wasu su ce hukuma ta karɓe duka. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na lura masu ɗaga murya ba su ne suka ɗauki gawar yaron ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dogo ya ce takardar izini na nan. Na ce masa sunanka ne a jiki, ba nasa ba, kuma takarda ba ta sanyaya zuciya. Ya kira ni matsoraci a gaban masu kawo aiki, na haɗiye. Ina roƙonka, Kawu, ka kira shi ka janye maganar nan da bakinka. Amanarka na nan ba abin da ya taɓa ta, in ka dawo ka karɓi abarka hannu da hannu. Tun ranar Dogo ko gaisuwata ba ya amsawa. Gara ya shekara yana gaba da ni, da in riƙa kai masa abinci gidan yari.

Ka gaishe mini da Umma da Yaya Babba da Auta. Inna da Goggo suna gaishe ku.

Ɗanka,
Mai Walda