Na Bi Littafin Jikata da Jan Biro

Malama mai wannan fili,

Ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan gaya wa. Ban taɓa zaton zan kawo kukana jarida ba, ni da nake karanta filinki ina taɓe baki. To, yau ga ni.

Shekarata saba'in da ɗaya. Na yi karatu lokacin da karatu yake karatu, har waje na fita na ƙaro. Na koyar da tarihi shekara goma sha biyu, sannan na koma gyaran takardun jarrabawa, inda na ƙarar da ƙarfina a kan rubutun 'ya'yan mutane. Abin da na fito da shi ciwon wuya ne, da tabarau mai kauri, da agogon bango da aka ba ni ranar sallama, wanda ya tsaya kafin shekara ta zagayo. Waɗanda nake yi wa aikin gida muna aji, yau sai ka cika takarda kafin ka gan su. Ba wannan ya sa na rubuto ba, amma gara ki san da wa kike magana.

Jikata, 'yar babban ɗana, shekara biyu ke nan tana wurina. An yi wa ubanta canjin wurin aiki, aka bar ta ta ƙarasa sakandare. Shekararta goma sha shida. Tun da mai ɗakina ta rasu gidan ya yi tsit, sai da yarinyar nan ta zo. Rediyo nake ce mata, don in ta kama tasha ba ta tsayawa. Ita kuma ta ce mini Hedimasta.

Bara ta tsiro da wata sabuwa. Duk Asabar, ita da ƙawayenta biyu da yayar ɗaya daga cikinsu mai aikin jinya, sai su nemi sabon gidan abinci da ba su taɓa shiga ba. Faranti biyu suke karɓa su huɗu, kowa ta ɗanɗana. Daga nan su wuce inda aka baje zane-zane: wani lokaci saman benen ɗakin karatu na gari, wani lokaci barandar makarantar koyon sana'a, har bayan shagon wani mai buga takardu sun taɓa zuwa, inda ya jera hotunan da ya ɗauka. Kafin rana ta faɗi ta dawo. Ban taɓa kama ta da ƙarya ba, wannan kam na shaide ta.

Da ta dawo, ko takalmi ba ta cirewa sai ta ɗare hannun kujerata ta fara. Wai wani wuri tebur biyar ne kacal, kana hango mai dafuwar ta wata 'yar taga yana waƙa. Wai miyar kifinsu ta yi tsami amma burodin da zafinsa. Wai wani ya zana kasuwa guda ba mutum ko ɗaya, sai takalma. Ni kuwa ina bayan jarida ina cewa duk ɓata lokaci ne, shinkafa shinkafa ce ko a faranti mai kusurwa huɗu aka zubo ta. Ta yi dariya ta ci gaba. Gaskiyar magana, tun ranar Laraba nake fara jiran Asabar.

Tana da wani littafi mai koren bango da take rubuta duk wannan. Wata Juma'a ta manta shi a kan teburin cin abinci ta tafi makaranta. Na buɗe. Jan biro kuwa ba ya barin aljihun rigata ko da na bar aiki. Wallahi ban yi niyya ba, hannuna ne ya san hanya. Kafin in ankara na bi shafi ashirin da uku. Inda ta yabi abinci, na rubuta cewa yabo ba hujja ba ne. Inda ta ce wani zane ya sa ta ji kamar ta yi kuka, na ja layi na nemi dalili. Akwai zanen wata mata tana guga, an zano ta ta baya, jikata ta rubuta cewa bayan matar ya gaji. Na rubuta a gefe cewa fenti ba ya gajiya, na ba ta huɗu bisa goma. A ƙarshe na sa “a ƙara himma”, na sa hannu da kwanan wata yadda na saba. Na mayar da littafin inda na same shi, ina ganin gata na yi mata.

Ba ta buɗe shi a gida ba. Sai washegari a gidan abinci, gaban ƙawayenta, ta ciro shi za ta yi rubutu. Gwaggonta, ƙanwar ubanta, ita ta ba ni labari daga baya. Ƙawayen suka karɓe shi suna karantawa da ƙarfi, suna kwaikwayon muryata, har na teburin kusa suka taya su dariya. Wai ita ma ta yi dariyar.

Da ta dawo ta gaishe ni, ta ce ta gode da gyara, ta shige ɗaki. Sati uku ke nan. Tana fita Asabar, tana dawowa kan lokaci, tana kawo mini shayi, tana tambayar gwiwata. Ladabi kamar na baƙuwa. Amma labari ko ɗaya babu. Jiya gwaggon ta ce yarinyar ta roƙi a bar ta ta koma gidanta idan an yi hutu, wai ya fi kusa da makaranta. Ni na san nisan, bai fi kusa ba. Saura kwana goma sha biyu a yi hutun.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Talatar da ta wuce na hau benen ɗakin karatun nan, mataki talatin da wannan gwiwa tawa, na nemo zanen mai gugar. Na daɗe a tsaye. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, wuyan ya ɗan karkata. Bayan matar ya gaji, Malama.

Duk da haka ba na jin ba ni da tawa gaskiyar. Na san abin da ake ji idan an buɗe wa mutum ido ya ga abu mai kyau, sannan duniya ta ce masa ba nasa ba ne. Ni ma na taɓa cika littattafai da irin wannan zumuɗi, suna can cikin akwati gara tana ci. Ina tsoron ta saba da daɗin da rayuwa ba za ta ci gaba da ba ta ba. Wani lokaci sai in ce bari in kira ubanta in ce yawon ya yi yawa, a hana fitar ta zauna ta yi karatu. Na san zai goyi bayana, kuma maganar gidan gwaggo ta mutu. Wani lokaci kuma in ji kunyar wannan tunani. Ban iya ba da haƙuri ba. Ban taɓa ba yaro haƙuri ba a rayuwata, ba haka aka rene mu ba. Me zan yi kada ta tafi?

Daga Tsohon Mai Gyaran Takardu

AMSA

Baba, sannu da ƙoƙari. Na san rubuto wannan wasiƙa bai zo maka da sauƙi ba, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Ka cire maganar hana ta fita daga ranka, kuma kada ka kira ubanta. Da bakinka ka shaida cewa tana fita da babba, ka san inda take zuwa, tana dawowa da rana, ba ta yi maka ƙarya. In ka kai ƙararta a kan laifin da ba ta yi ba, za ta gane dalili, yaran nan ba su da wauta. Za ta zauna dole, amma ranar da ta gama makaranta sai ka yi aike kafin ka gan ta.

Tsoronka ban raina shi ba. Wanda ya sha abin da ka sha dole ya so ya kare nasa. Gyara ma ba mugun abu ba ne. Yarinya mai son rubutu tana bukatar wanda zai ce mata ta kawo dalili, samun irinka a gida arziki ne. Sai dai ba ta miƙo maka ba. Takardar jarrabawa don a gyara aka rubuta ta, wannan littafi kuwa wa kanta ta rubuta. Ka shiga mata ba sallama, abin kuma ya fashe a gaban sa'o'inta. Dariyar da ta yi a teburin nan ta rufin asiri ce. Batun sabawa da daɗi kuwa, yarinyar da take raba faranti biyu da mutum uku, take hawa bene don ta tsaya gaban zane, lura take koya. Abin da ya same ka ina taya ka jin ciwonsa, amma babu inda aka ce ita ma haka za ta ƙare.

Ka ce ba ka iya ba da haƙuri ba. Mutumin da ya hau mataki talatin don ya duba ko ya zalunci yarinya a maki ya riga ya yi mafi wuyar. Saura ka faɗa. Ku zauna ku biyu, ba gwaggo, ka ce ka buɗe littafinta ba da izininta ba, kuma ka yi kuskure. Kada ka sa “amma” a bayansa, ko ta zo maka har bakin harshe. Sannan ka gaya mata ka je ka ga zanen, da abin da idonka ya gani. Kada ka nemi ta nuna maka sabon rubutunta. In wata rana ta kawo da kanta, ka fara tambaya: karantawa take so ko gyara?

Kada ka sa ran za ta sake a ranar. Tana iya cewa ba komai ta tashi, ka bar ta. Bayan kwana biyu ka roƙe ta ta kai ka ɗaya daga cikin wuraren nan, a ranar da ba ta ƙawayenta ba. Ita za ta zaɓi wuri, ita za ta zaɓi abin da za ku ci. In bai yi maka daɗi ba ka faɗa, ra'ayinka ne, amma ka bar ta da nata.

Maganar gidan gwaggo, kada ka tare hanya, kada kuma ka yi fushi. Ka gaya mata ƙarara cewa kana so ta zauna, gidan ba ya yi maka daɗi in ba ta nan, sannan zaɓi nata ne da iyayenta. Mai yiwuwa ba ta taɓa jin haka daga bakinka ba. Ba zan yi maka alkawarin za ta fasa ba, amma in ta tafi bayan ta ji wannan, da ƙafarta za ta riƙa zuwa.

Kafin amsar nan ta iso hannunka kwanakin sun ragu, Baba. Kada ka tsaya tsara jawabi, yau ka yi mata magana. Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya daidaita tsakaninku, Ya raya maka ita.