Zomon da Ke Kan Shingen Lambu

Kassel, Talata da yamma

Traudel tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙugun naki? Ina fata ɗinkin ya kame, kuma kina bin maganar masu koya miki tafiya ba tare da gardama ba. Ni na iso lafiya.

Na gan ta, Traudel! Na ga jikarmu. Rabonmu da ita tun tana rarrafe a falonmu, yanzu ga ta 'yar shekara bakwai, haƙoran gaba sun faɗi, goshinki sak ta ɗauko. Da uwarta Silke ta buɗe ƙofa sai da na dafa bango, ni da na ƙare ƙuruciyata a kan rufin gidajen mutane ban taɓa jin jiri ba. Silke ta ce, "Merle, ga Opa Eckhard, baban babanki." Yarinyar ta miƙo mini hannu kamar ma'aikaciyar banki. Ɗaya hannun yana rungume da wani tsohon zomo na ƙyalle, ruwan toka, wai shi Bruno. Ko wajen cin abinci ba ta ajiye shi.

Silke ba ta yi mini wulaƙanci ba, amma ba ta sake ba. Ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa ba don hutun makaranta ya zo mata tana aiki a asibiti ba, ga mahaifiyarta kwance, da ba ta kira mu ba. Na roƙe ta abin da kika ce in roƙa, wato ta bar Merle ta zo ta gan ki kafin a koma makaranta. Ta ce, "Bari mu ga yadda makon nan zai ƙare, Eckhard. Na gaji da alkawarin mutanen gidanku." Ban ga laifinta ba. Torsten ɗanmu ne, amma kin san yadda ya yi da su. Ya ce zai zo, ba zai zo ba, sai a ga mai kawo saƙo da kwalin kayan wasa.

Jiya na yi ƙauyanci. Na shafa mana burodi da man shanu, muka hau jirgin titi, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, zuwa gidan tarihi, muka tarar da ƙofa a rufe. Merle ta ce, "Kowa ya san ba sa buɗewa ran Litinin." Sai muka ci burodinmu a bakin kogi muna kallon agwagi.

Yau muka koma. Mun ga ƙasusuwan giwa, mun ga kuma wasu littattafai na katako, kowanne an sassaƙa shi daga itace daban, da ɓawonsa a baya, ganye da 'ya'yansa a ciki. Na riƙa karanta mata bayanan jikin bango da ƙarfi, ina bi da yatsa kamar yadda malamarmu ta makarantar yamma ta koya mana. Ba ta yi mini dariya ba. In na maƙale a doguwar kalma sai ta jira kaɗan, sannan ta ƙarasa mini a hankali, kamar ba da ni take ba. Ta tambaye ni yadda ake karanta littafin katako. Na ce waɗannan don irina aka yi su.

Har yanzu ba ta kira ni da kowane suna ba. Gobe za a saki ruwa a lambun kan dutse, can za mu.

Ki ci abincinsu ko da ba gishiri. Ki gai da abokiyar ɗakinki.

Naki,
Eckhard


Kassel, Alhamis

Traudel,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya barci? Allah ya ƙara sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Jiya da farko komai ya yi daɗi. Muka hau har ƙarƙashin wani ƙaton gunki da ke ƙolin dutsen, aka saki ruwa, ya gangaro kan matakalai da ƙara, jama'a suka bi shi ƙasa kamar garken tumaki, mu ma muka bi. Daga gada zuwa gada, har tafkin ƙasa inda yake tashi sama ya wuce bishiyoyi. Iska ta watso mana shi a fuska, sai kawai na ji an ja rigata ana ihu, "Opa, duba! Opa!" Traudel, na gode wa Allah da fuskata ta riga ta jiƙe.

Sai da muka zauna a jirgin titi ta duba hannunta. Babu Bruno.

Muka sauka, muka koma. Na duba ƙarƙashin kujeru, cikin ciyawa, kwandunan shara, na tambayi masu shara da mai sayar da kofi. Babu. Na kawo ta gida tana kuka marar sauti, irin wanda ya fi ciwo. Silke ta ɗauke ta suka shiga ɗaki, ni kuwa ko kallo ban samu ba.

Ga abin da na yi, kada ki yi mini faɗa tukuna. Yau da safe Silke tana gida, sai na ce zan je gidan waya. Na zarce shagon kayan wasa, na yi sa'a na sami zomo irinsa sak. Na murza shi da ƙasar tukunyar furen Silke, na zauna a kansa a cikin jirgi don ya lanƙwashe. Na kai shi lambun, na rataye shi a shingen ƙarfe kusa da ƙaramar gada, daidai tsayin ido, yadda kowa yake yi in ya tsinci safar hannu ko hular yaro don mai abu ya gani in ya dawo.

Da rana na ce mu sake dubawa. Na bar ta ta gan shi da kanta. Ta ruga wurinsa. Ta ciro shi, ta juya shi, ta shinshina cikinsa. Sai ta ce, "Ba Bruno ba ne. Na wata yarinya ne, ita ma nata ya ɓata." Ta mayar da shi, har da ɗaga ƙafa don ta rataye shi sama da inda na sa.

Na ce to mu riƙe shi mana kafin Bruno ya fito. Ta dube ni kamar na ce mu fasa banki. "Opa! Abin da ke kan shinge na mai shi ne. Ba a koya maka ba?" Wata tsohuwa da karenta a kan benci ta gyaɗa kai, ta ce, "Kin yi daidai, yarinya," sannan ta harare ni.

Haka muka taho muka bar zomona a can.

Mijinki mai kewarki,
Eckhard


Kassel, Asabar

Traudel ƙaunatacciya,

Barka da ƙoƙari, na ji a waya cewa kin kai ƙarshen baranda da sanda ɗaya. Allah ya ƙara ƙarfi. Na kuma ji "tsohon jaki" da kika kira ni, har sau biyu, na karɓa.

Abin ya ƙi ƙarewa. Kowace safiya Merle tana gama shan madara za ta sa takalmi, wai mu je mu ga ko yarinyar ta zo ta ɗauki zomonta. Jiya an yi ruwa, muka tarar wani bawan Allah ya sa shi cikin leda ya ɗaure bakin. Yau kuma wani ya gyara masa zama, ya juyo fuskarsa wajen hanya. Duk garin nan yana kula da zomon nan, kowa yana tausayin yarinyar da babu ita.

Merle ta daina maganar Bruno sosai, yarinyar nan ce ta tsaya mata a rai. Ta ce wataƙila ba ta da lafiya ne shi ya sa ba ta zo ba. Ta ce wataƙila ba ta da kakan da zai kawo ta. Jiya ta bar rabin kek ɗinta, wai ba ta jin daɗin ci alhali wata tana can tana kuka.

Da ruwan ya tsananta na shigar da ita gidan zane-zanen da ke cikin tsohuwar fada, ko hankalinta zai ɗauku. Mun ajiye jaka a akwatin ajiya, muka hau sama. Ashe masu zanen dā ba su da aiki sai zana zomaye matattu a rataye da ƙafa, kusa da inabi da tulu. Na riƙa tare mata da jikina ina nuna mata jiragen ruwa, har mai gadi ya fara bin mu a baya.

A wurin cin abinci ta ba uwarta labarin duka. Silke ta saurara, sannan ta ɗago ta zuba mini ido. Na sunkuyar da kai kan dankalina.

Kin yi gaskiya a waya, ko da yake na yi miki musu. Wannan aikin Torsten ne sak. A ɓata wa yarinya rai, a sayo sabon abu a rufe. Na daɗe ina tambayar inda ya koyo, ban so amsar da na samu ba.

Zan gaya wa Silke. Na san wataƙila shi ke nan maganar zuwan Merle wurinki, kuma ke za ki biya bashin wautata. Ki yafe mini tun yanzu. Amma ba zan iya sake tsayawa gaban shingen nan ina yi wa yarinya jimamin ƙarya ba.

Naki har kullum,
Eckhard


Kassel, Lahadi da yamma

Traudel! Traudel tawa!

Ina gaishe ki, yaya jiki, ina fata kina lafiya. 

Jiya ina goge kwanuka Silke tana wankewa, na faɗa mata komai. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na sani. Wa kake tsammani ya share ƙasar furen da ka zubar a baranda?" Na tambaye ta me ya sa ta yi shiru. Ta ce so take ta ga ko zan faɗa da bakina, don da ɗanmu Torsten ne, da har yau yana rantsuwa bai yi ba. Sannan ta miƙo mini tukunya ta ce, "Amma ba ni za ka gaya wa ba."

Yau muka tafi mu uku. Lahadi ce, lambun cike da masu jiran ruwa. A gaban shingen na durƙusa, gwiwata tana ƙara, na gaya wa Merle cewa ni na sayi zomon, ni na rataye shi, don na kasa jure kukanta.

Ta zare hannunta daga nawa. Ta ce, "To babu wata yarinya?" Na ce babu. Ta shuri tsakuwa, ta juya mini baya, ta tafi ta tsaya jikin uwarta. Na ce a raina shi ke nan, Eckhard, ka haɗa jakarka.

Can sai ta dawo, fuska a murtuke. Ta ce, "Duk kwanakin nan yana waje cikin ruwa, kuma ba shi da kowa?" Na ce haka ne. Ta ce, "Ka ba shi haƙuri." Na ce ki yi haƙuri, Merle. Ta ce, "Ba ni ba. Shi."

Traudel, na cire hulata a gaban mutanen Kassel, na ba zomon ƙyalle haƙuri, da ƙarfi, don ta ce na farko bai ji ba. Wani saurayi ya tafa mini. Silke ta juya tana kallon bishiya, kafaɗunta suna rawa.

Merle ta ciro shi daga leda. Ta ce ita ba za ta riƙe shi ba, don in Bruno ya dawo ya tarar da wani a gadonsa ba zai ji daɗi ba. Sai an nemo masa wanda yake kwana shi kaɗai. Ta yi tunani, sannan ta tambaye ni ko gaskiya ne Oma, wato ke kakarta, kina gidan jinya ba kowa naki kusa. Na ce gaskiya ne. Ta ce, "To nata ne. Amma ni zan kai mata, kai ka cika yar da abubuwa."

Na dubi Silke. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta ce, "Asabar ba ni da aiki. Ni zan tuƙa, motarka ba ta da kujerar yara."

Ban ga ruwan yau ba sam, wai ya tashi da kyau.

Ran Asabar ke nan, da hantsi. Ki sa a gyara miki gashi, ki sa rigar nan shuɗiya. Kada ki rungume ta da ƙarfi tun daga ƙofa, ki bari ta miƙo hannu tukuna. Kada ki ambaci Torsten. Kuma in ta ba ki zomon, ki karɓa da hannu biyu, kada ki ce yana warin ruma. Yana yi.

Tsohon jakinki,
Eckhard