Ciwon Kanki Ya Koma Kan Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hajiya.

Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, na ɗauki alƙalami don in shaida miki cewa ciwon nan naki na ɓarin kai ya kama autarmu. Kin san ita kaɗai ke leƙo ni daga Kirikasamma ranar Juma'a. Yanzu Juma'a takan zo ta wuce ina zaune a zaure, ita kuma tana can kwance cikin ɗaki mai duhu, tana amai.

Ina tuna yadda naki yake farawa. Maƙwabta su hura wutar bandar kifi, hayaƙi ya tsallako katanga, sai in ga kin ɗaure kai tamau da ɗankwali. Kikan ce, "Malam, ja ƙofar nan, haske yana sara na." Daga nan a kira wanzami ya kafa miki ƙaho a gefen kai. Da tabon nan kika tafi kabari, ciwon kuwa bai taɓa barinki ba.

Yayarki Ladi ta dage a yi wa Auta haka, wai mugun jini ne ta gada. Har ta yi magana da wanzami.

Na lallaba da sandata na raka Auta asibiti. Likita ta ce ba mugun jini ba ne. Wata jijiya ce a kai take sakin wani sinadari, CGRP suke kiransa, shi ke buɗe hanyoyin jini yana ruruta zafin. Ƙwayoyin da aka daɗe ana bayarwa suna tsayar da ciwon, amma suna matse hanyoyin jini, Auta kuwa hawan jininta bai daidaita ba, don haka an hana ta su. Na kemis da take haɗiya kullum ma, in ji likita, su ke ƙara dawo mata da shi.

Ta ce akwai sababbi da ba sa matse komai. Wani ƙwaya ce da ke toshe inda sinadarin yake sauka, wani kuma allura ce ta wata-wata da ke kama shi tun bai isa ba. Sai na tuna jingar da muke yi wa gona kafin kogi ya kawo. Amma babu su a Hadejia, sai dai a bincika Kano, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba.

Na gaya wa Ladi ba wanda zai tsaga kan yarinyar nan ina raye. Ta yi fushi, ta daina aiko mini da kunun safe. Gidan ya ƙara shiru, Hajiyata. Ban san ko ƙafafuna za su kai ni Kano ba, ban kuma san ko za mu samu maganin ba. Kafin nan, na ciro ɗankwalinki mai ruwan toka daga akwati na aika wa Auta. Ta ce da shi take ɗaure kai.

Allah Ya gafarta miki, Ya ba ta sauƙin da ke ba ki samu ba.

Naki har kullum,
Malam