Macijin Gidan Shisha

Makka, Rajab 1435

Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Yaya Sakinatu da yaranta? Ni lafiya lau nake, ki rabu da magulmatan da ke cewa na rame.

Aikin gidan nan na unguwar Shisha ne dai ya ƙare. Ɗan maigidan ya sayo wani maciji daga Amurka ta Kudu, ni nake ba shi abinci a akwatin gilashi. Kada gabanki ya faɗi, na karanta a waya, irinsa ba shi da dafi. Da shi kaɗai nake Hausa a gidan.

Ranar Laraba ya sulale titi. Jahilai suka taru da sanduna, wani yana kiran 'yan sanda. Na san ba ya cutar da kowa, amma ba ni da iƙama, takardar izinin zama, ina buɗe baki za a iya kama ni. Ina tsaye suka gama da shi, ban ce uffan ba. Aka ce sakacina ne, aka sallame ni.

Ki gaida Kawu Ɗaso, a sa ni a addu'a. Kin sha roƙon Allah ya rage mini baki, Inna. To, ya rage.

Ɗanki,
Uzair