Rasuwar Injiniya Mai Taga

12 ga Maris

Cikin alhini, da wani takaici da ya shekara tara yana cin mu, Ƙungiyar Masu Rubuta Manhaja Kyauta take sanar da rasuwar dattijonta, malaminta, kuma tsohon Shugaban Sashen Allo, wanda kowa ya sani da Injiniya Mai Taga, bayan gajeriyar jinya. A watan Maris, shekara tara da suka wuce, marigayi ya roƙi kwamitinmu ya ba shi mutum biyu ya koya musu aikinsa, kwamiti ya ce sai zama na gaba. Ni na rubuta wannan amsa da hannuna, ina sakatare.

Ga wanda bai san aikin ba, marigayi shi ne ya rubuta manhajar da ke tsaye tsakanin kwamfuta da allonta, wadda take zana kowace taga, ta fito da rubutu, ta motsa kibiyar da hannu ke ja, kuma ya yi mata hidimar shekara ashirin da uku har ta zauna daram a kan tsarin kwamfuta iri huɗu waɗanda masu su ba sa ga maciji da juna. Mutane ba sa tuna irin wannan aiki sai ranar da allo ya yi baƙi, kuma a hannunsa bai taɓa yi ba.

A ɗakinsa akwai injina bakwai jere a kan benci, mafi tsufa a cikinsu mai ƙaton allon gilashi, wadda yake kira Kaka. Ba ya sakin gyara sai ya gwada a kan dukkansu. Duk gwanin da ya kawo masa aiki yana ɗaga kafaɗa, tambaya ɗaya yake sha: “To, ɗana, ka kai wa Kaka ta gani?” Mun yi masa dariya, wasu masu manyan takardu suka ce ya jefar da ita. Ya ce akwai makarantar kurame da allunanta arba'in duk irin Kaka ne, yaran kuma da ido suke jin darasi.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, da 'ya'yansa huɗu, musamman babbar, wadda ta ce mana Baba ya fi saurin gane zazzaɓin Kaka a kan nasu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Ga hukumar makarantar kuwa, ba za mu ɓoye muku ba. Marigayi ya fara rubuta bayanin sashen da ke kunna allunanku, ya tsaya a shafi na goma sha huɗu. Mun karanta, mun kunna Kaka, mun zauna a gabanta mu shida. Babu ɗayanmu da ya san sauran.

Malam Dogo
Kakakin Ƙungiya, tsohon Sakataren Kwamiti